Tsuke Bakin Aljihu da Neman Magani a Nijeriya

Gabatarwa

Bahaushe yana cewa lafiya uwar jiki, kuma gaisuwarsa duka, tun daga ta safe har zuwa ta dare, a kan tambayar lafiya take tafiya. Amma kuwa lafiyar nan da ake tambaya a baki tana da nauyi a aljihu. Akwai kuɗin mota zuwa asibiti, da kuɗin kati, da na awo, da na magani. A bayan waɗannan kuma akwai kuɗin da hukuma take kashewa wajen gina asibitin, da biyan ma'aikatansa, da samar masa ruwa da wuta. Saboda haka duk abin da ya taɓa aljihun hukuma ko na talaka, lalle ne wata rana ya iso ɗakin majinyata, ko da yake ba nan take yake isowa ba.

Manufar wannan lacca ita ce a bi sawun al'amarin daki-daki, watau a nuna hanyoyin da karayar tattalin arziki da rage kashe kuɗin gwamnati suke bi har su hana marar lafiya samun magani. Nijeriya ce za ta zama babban misali, musamman daga shekarar 1982 zuwa tsakiyar shekarun 1990, domin kuwa abin da ya auku a wannan tsakani a rubuce yake, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin gwamnati a lokacin suna nan da ransu. Daga baya za a leƙa waɗansu ƙasashe don kwatance, sa'an nan a dawo kan shekarun baya-bayan nan.

Tun da fari ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da akan cakuɗa. Karayar tattalin arziki ita ce raguwar abin da ƙasa take samarwa da sayarwa, har ayyuka su yi ƙaranci, kuɗin shigar gwamnati su ja baya. Tsuke bakin aljihu kuwa shi ne matakin da gwamnati take ɗauka na rage abin da take kashewa don ta daidaita da abin da take samu. Na farkon yakan faɗo wa ƙasa ne, sau da yawa daga waje. Na biyun kuwa mutane ne suke zama a ofis su tsara shi, su zaɓi abin da za a yanke da abin da za a bari. Wannan zaɓi shi ne jigon maganar.

Zamanin Yalwa

A ƙarshen 1973, bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12 cikin 'yan watanni. Bayan juyin juya halin Iran na 1979 ya sāke tashi, har a 1980 gangar man Nijeriya ta kusanci dala 40. Kuɗi suka kwararo cikin baitulmali irin yadda ba a taɓa gani ba. Ma'aikata suka sami ƙarin albashin Udoji a 1975. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya ƙunshi tsarin kai kiwon lafiya karkara ta hanyar gina cibiyoyin lafiya da ɗakunan shan magani, da kuma buɗe makarantun horar da ƙananan ma'aikatan lafiya a jihohi. Sababbin jami'o'in da aka kafa a 1975, irin su na Jos da Maiduguri da Sakkwato da Ilori, su ma daga baya suka sami makarantun koyon likitanci da asibitocin koyarwa. A 1978 kuma ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, suka ɗauki alkawarin samar da lafiya ga kowa kafin shekarar 2000.

A wancan zamani mutum yakan yanki kati a asibitin gwamnati, ya ga likita, ya zaga taga ya karɓi magani, kyauta ko kuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai ginin yana da rauni a wuri biyu. Na ɗaya, man fetur kaɗai ke kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ƙasar take samu daga waje. Na biyu, akasarin magunguna da kayan aikin asibiti daga ƙasashen waje ake sayo su da waɗannan kuɗi. Ke nan lafiyar mutumin ƙauye ta rataya a kan farashin da ake yankewa a kasuwannin Landan da New York, alhali shi bai ma san da zamansu ba.

Faɗuwar Farashin Mai

Daga 1981 mai ya yi kwantai a kasuwar duniya. Abin da Nijeriya take samu daga sayar da kaya waje, wanda ya kai wajen dala miliyan dubu 25 a 1980, ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da dala miliyan dubu 7 a 1986. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta kafa dokar daidaita tattalin arziki, ta taƙaita shigo da kaya, ta rage kashe kuɗi. Jihohi da dama suka kasa biyan albashi wata da watanni. Da sojoji suka yi juyin mulki ran 31 ga Disamba 1983, cikin dalilan da Birgediya Sani Abacha ya karanta a rediyo har da cewa asibitoci sun zama wuraren ganin likita kawai, babu magani, babu ruwa, babu kayan aiki. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ci gaba da tsuke bakin aljihu, ta rage ma'aikata da yawa. A farkon 1985 likitoci suka shiga yajin aiki a kan halin da asibitoci suke ciki, gwamnati kuwa ta haramta ƙungiyarsu, ta tsare waɗansu shugabanninsu.

Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agusta na 1985, ya buɗe muhawara a kan karɓar rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Jama'a suka ƙi, aka bar rancen. Amma a tsakiyar 1986 sai gwamnati ta fito da nata shirin gyaran tattalin arziki, wanda kowa ya sani da sunan SAP, kuma sharuɗɗansa kusan su ne na Asusun: rage tallafi, da rage kashe kuɗi, da sayar da kamfanonin gwamnati, da sakin darajar naira. A watan Satumba na 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje. Dala ɗaya, wadda ba ta kai naira ɗaya ba a 1985, ta zama wajen naira 4 a 1987, naira 8 a 1990, naira 22 a 1993.

Hanyoyin da Matsin Yake Bi

Hanya ta farko ita ce ta kasafin kuɗi. Kuɗin asibiti kashi uku ne: albashi, da kuɗin gudanar da aiki na yau da kullum, da kuɗin manyan ayyuka kamar gini da sayen injuna. In aka ce wa ma'aikata ta rage kashe kuɗi, albashi ne abu mafi wuyar taɓawa, gama yana da masu shi, suna da ƙungiya, suna iya yajin aiki. Saboda haka wuƙa takan sauka a kan sauran kashi biyun. A daina gyaran injin ɗaukar hoto, a daina sayen man janareta, a rage odar magani da auduga da safar hannu, motar ɗaukar marasa lafiya ta zauna a kan duwatsu don rashin taya. Wanda ya dubi takardar kasafi zai ga ragin kaɗan ne. Wanda ya shiga asibitin kuwa zai tarar da ma'aikata a zaune, ana biyansu, amma ba abin da za su yi aiki da shi.

Hanya ta biyu ita ce ta darajar kuɗi. A ɗauki maganin da ake sayowa daga waje a kan dala 10. A 1985 bai kai naira 10 ba. A 1987 ya zama naira 40, a 1993 kuwa naira 220, alhali a wurin masu yin sa farashin bai motsa ba. Ko da gwamnati ta bar wa asibiti adadin nairar da ta saba ba shi, abin da kuɗin za su saya ya ragu ninkin-ba-ninkin. Wannan ragi ne da ba a rubuta shi a kowace takarda ba.

Hanya ta uku ita ce ta cajin majinyata. Da asibitoci suka rasa abin gudanar da aiki, sai aka ɗora wa marar lafiya. Aka sa kuɗin gado, da na awon jini, da na tiyata. Likita ya rubuta takarda, a fita kemis a sayo magani, da ledar ƙarin ruwa, da sirinji, har da zaren ɗinki. Wannan kuwa ya zo daidai da ra'ayin Bankin Duniya, wanda a wani rahoto na 1987 ya shawarci ƙasashe masu tasowa su riƙa karɓar kuɗi daga majinyata.

Hanya ta huɗu ita ce ta aljihun magidanci, domin a daidai lokacin da aka ce ya biya, a lokacin ne samunsa ya karye. Mafi ƙarancin albashi a 1981 naira 125 ne a wata, watau wajen dala 200. A 1991 an mai da shi naira 250, amma darajarsa ba ta wuce dala 25 ba. Mutum mai irin wannan samu in ɗansa ya kwanta, sai ya fara da jinkiri, ko Allah zai sa zazzaɓin ya sauka. Daga nan sai sassaƙe da jiƙe-jiƙe, sai kemis, inda zai sayi ƙwaya huɗu maimakon goma sha biyu. Ba a nufar asibiti sai ciwo ya ci ƙarfin gida, a lokacin kuwa jinyar ta ƙara tsada, ta ƙara wuya. A karkara akan sayar da akuya ko hatsin da aka ajiye don damina, ko a jinginar da gona. Ta haka ciwon mutum ɗaya yakan jawo wa gida duka talaucin shekaru. Daɗin daɗawa, tsadar abinci tana rage ƙarfin jikin yara da mata masu ciki, har cutar da dā za ta wuce a tsaye ta kai su ga kwanciya. Buƙatar asibiti tana ƙaruwa ke nan a lokacin da ikon zuwa yake raguwa.

Hanya ta biyar ita ce ta ma'aikata. Likitan da albashinsa ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata yana da abin sayarwa a ko'ina cikin duniya. A ƙarshen shekarun 1980 ƙwararrun likitoci da malaman jinya masu yawa suka tafi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, da Ingila da Amurka, har a 1988 gwamnati ta kafa kwamiti na musamman don binciken wannan ƙaura. Waɗanda suka rage da yawa suka buɗe asibitocin kuɗi suna raba lokacinsu. Asarar irin wannan ba ta saurin maiduwa, gama kafin ɗalibi ya zama ƙwararren likitan tiyata sai ya shafe fiye da shekara goma, kuma in malamai suka tafi babu mai koyar da na baya.

Shaida daga Zariya

Babu inda wannan al'amari ya fito fili kamar ɗakin haihuwa, domin naƙuda ba ta jiran a tara kuɗi. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa matan da ba su je awon ciki ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Watau tun a zamanin yalwa, babban abin da ke kashe mata shi ne zuwa a makare.

Da aka fara karɓar kuɗi a tsakiyar shekarun 1980 sai jinkirin ya ƙaru. Wani rahoto da likitocin wannan asibiti da abokan bincikensu suka buga a mujallar Lancet a 1990 ya nuna cewa daga 1983 zuwa 1988 yawan matan da suke haihuwa a asibitin ya ragu da kusan rabi, yawan masu mutuwa wajen haihuwa a can kuwa ya ƙaru da fiye da rabi. Ba haihuwa aka daina yi a ƙasar Zazzau ba. Matan sun zauna gida ne, waɗanda abin ya tsananta musu kuma suka iso a galabaice, sa'an nan a tsaya jiran miji ya zaga dangi ya haɗo kuɗin tiyata da na jini. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuma sau da yawa takan tsira da yoyon fitsari.

Jabun Magani da Raunin Rigakafi

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da magani na gaskiya ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, sai kasuwa ta cika da jabu da wanda ya lalace, ana tallarsa a tasha da cikin motocin haya. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan maganin zazzaɓi na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba. Irin wannan masifa tana cikin abin da ya sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993, ko da yake yaƙi da jabun magani bai yi ƙarfi sosai ba sai bayan da Dora Akunyili ta karɓi shugabancinta a 2001.

Labarin rigakafi kuwa yana da fuska biyu, kuma dole a faɗe su duka. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, watau a tsakiyar matsin, ya karkata ɗan abin da ke hannunsa zuwa kiwon lafiya na matakin farko. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, aka fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka yaɗa ruwan gishiri da sukari don maganin gudawa, aka dage da allurar yara. A 1990 alƙaluman hukuma sun nuna an yi wa wajen kashi 80 cikin 100 na yara manyan alluran rigakafi. Wannan ya tabbatar da cewa ko cikin babu, zaɓin shugabanni yana da tasiri.

Amma aikin ya dogara ƙwarai a kan taimakon waje. Bayan 1990 masu ba da taimako suka ja baya, rikicin siyasa na 1993 ya ƙara nisanta su, ƙananan hukumomin da aka miƙa wa nauyin kuwa ba su da kuɗin kananzir na firjin ajiye allura, balle man babur na zagaya ƙauyuka. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa a shekarar. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2003 ta sami kashi 13 cikin 100 kacal na yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyu da suka sami cikakkiyar rigakafi. Rigakafi ya fi magani, amma shi ne ya fi sauƙin yankewa a kasafi, gama ranar da aka yanke shi babu wanda zai yi kuka. Kukan sai bayan shekaru yake zuwa.

Dabarun da Aka Gwada

A watan Satumba na 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF, suka amince da wata dabara. Za a ba kowace cibiyar lafiya jarin magunguna masu araha, ta sayar da ɗan riba, ta sāke sayowa da kuɗin, jama'ar gari kuma su sa ido. Inda aka riƙe amana, magani ya dawo kan kanta. Inda hauhawar farashi ta cinye jarin, ko aka karkatar da kuɗin, sai asusun ya mutu. Matsalar da ta fi wuya ita ce ta wanda ba shi da ko kwabo, domin ko da yake an ce a yafe wa matalauta, cibiyar da take rayuwa da ciniki ba ta son mai karɓa kyauta. A tsakiyar shekarun 1990 kuma asusun PTF, wanda aka kafa da rarar kuɗin man fetur, ya rarraba magunguna a asibitoci, amma da aka rushe shi bayan 1999 abin bai ɗore ba.

Jamhuriyar Nijar ta sha irin wannan ɗaci ta wata hanya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a dare ɗaya, maganin da ake sayowa daga Faransa ya yi tsalle. Ƙasar ta bi tsarin biyan kuɗi a cibiyoyin lafiya, sa'an nan a 2005 da 2006 ta mai da tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Iyaye suka yi ta kawo yara. Sai dai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan cibiyoyin kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa. Gana ta ƙara kuɗin asibiti sosai a 1985, zuwan majinyata ya faɗi, musamman a karkara, har daga bisani ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003. Uganda ta soke cajin majinyata a cibiyoyin gwamnati a 2001, nan da nan matalauta suka ƙaru a layin ganin likita.

Kada kuma a ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne kaɗai. Ƙasar Girka, a nahiyar Turai, ta faɗa rikicin bashi a 2010, masu ba ta rance suka sa ta rage kuɗin lafiya ƙwarai. Waɗanda suka rasa aiki da yawa suka rasa inshorarsu. Aka rage shirin hana yaɗuwar cuta tsakanin masu allurar miyagun ƙwayoyi, sababbin masu kamuwa da ƙanjamau a cikinsu suka tashi daga 15 a 2009 zuwa 484 a 2012. Zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kawar daga ƙasar tun 1974, ya sāke ɓulla a kudancinta. Abin da aka yi tsimi a rigakafi, an biya shi da riba a jinya.

Shekarun Baya-bayan Nan

A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Kasafin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya bai taɓa kai wannan adadi ba, galibi yakan tsaya ne tsakanin kashi 4 da kashi 6. An dai sami waɗansu gyare-gyare. Yafe bashin dala miliyan dubu 18 da ƙungiyar masu ba da rance ta Paris ta yi a 2005 ya ba da sararin ɗaukar ungozomomi zuwa karkara daga 2009. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman don kiwon lafiya na matakin farko, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Duk da haka, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun 2010 zuwa farkon 2020 sun nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita kai tsaye.

Shi ya sa duk lokacin da guguwar ta dawo, hanyoyin nan biyar sukan sāke buɗewa. Farashin mai ya faɗi daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, tattalin arziki ya karye, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi, yajin aiki ya yawaita a asibitoci. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. A watan Agusta na 2023 kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da daina harkarsa ta kai tsaye a ƙasar. Masu ciwon suga da hawan jini da asma, waɗanda shan maganinsu ba ya yankewa, su ne suka fi jin jiki, ƙaurar likitoci da malaman jinya kuma ta sāke ƙarfi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da darussa huɗu, waɗanda suka shafi ma'aikacin da yake tsara kasafi a yau da ɗalibin da zai gaje shi gobe. Na ɗaya, a auna kasafin lafiya da abin da kuɗin za su iya saya, domin adadin naira yana iya ƙaruwa alhali magani yana raguwa. Na biyu, in ragi ya zama dole, a kāre kuɗin magani da rigakafi da ɗakin haihuwa kafin kome, gama biyan albashi a asibitin da ba kayan aiki asara ce biyu. Na uku, karɓar kuɗi a bakin ƙofar asibiti yana korar wanda ya fi buƙata, kuma abin da ake tarawa ta wannan hanya bai kai ɓarnar da take yi ba. Ya fi kyau a tara kuɗin tun mutane suna da lafiya, ta haraji ko inshora, a kuma biya cibiyoyi a kan kari, don kada kyautar ta zama ta fatar baki. Na huɗu, ƙasar da take dogara da haja ɗaya, take kuma sayo maganinta daga waje, wajibi ne ta yi tanadi a lokacin yalwa, ta kuma ƙarfafa yin magani a gida.

Farashin mai zai sāke faɗuwa wata rana, kamar yadda ya faɗi a 1986 da 2016, kuma babu ma'aikacin da zai iya hana shi. Abin da ke hannun ma'aikaci shi ne alƙalamin da zai ja layi a kan takardar kasafi. Ya kamata ya san cewa a ƙarshen kowane layi akwai mutum, wataƙila mace mai naƙuda a bayan amalanke, wataƙila yaro mai jiran allurar ƙyanda, waɗanda ba za su taɓa ganin takardar ba.